Gaskiya ko Jita-jita: Itatuwan Gona da Abin da Bincike Ya Gano a Kansu

Daga Kano zuwa Maraɗi, daga Katsina zuwa Damagaram, yawancin itatuwan da jama'a ke mora ba a gandun dajin gwamnati suke ba, a gonaki suke. Kowace kuka da ɗorawa da tsamiya tana da mai ita. Ana gadonta, ana jinginar da ita, wani lokaci har a je gaban mai gari ko alƙali a kanta. Saboda haka idan ana zancen masu mallakar daji a wannan yanki, manoma ake nufi.

Kusan shekara 90 ke nan masana ke kai-komo a waɗannan gonaki suna awo, suna haƙa ƙasa, suna kwatanta tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama da sababbi. Abin da suka gano ya sha bamban da abin da ake faɗa a majalisa, wani lokaci ma ya saɓa wa abin da manyan baƙi ke karantawa a bikin dashen itatuwa. Ga maganganu bakwai da aka saba ji, da matsayin kowace idan aka ɗora ta a sikeli.

1. "Itace a tsakiyar gona yana kashe amfani"

An daɗe ana auna ƙwazon manomi da tsabtar gonarsa. Wanda ya share tas, ya ƙone saura, shi ne namiji; wanda ya bar sabara da kalgo suna toho a tsakanin kunyoyi sai a ce rago ne. Malaman gona na zamanin Turawa da na bayansu sun ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi, domin noman gyaɗa da auduga da garmar shanu suna son fili marar kututture. Manomi kuma yana da nasa dalilai: inuwa, saiwar da ke shan ruwan shuka, da tsuntsayen da ke samun wurin sauka su far wa gero.

Amma ba duk itatuwa ne halinsu ɗaya ba. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, ya yi kore shar da rani. Lokacin da gero ke neman rana, gawo ba shi da inuwar kirki, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki. Da rani dabbobi na taruwa a ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashi a wurin. Tun a shekarun 1960 masu bincike a tashar Bambey ta ƙasar Senegal suka auna geron da ke gindin gawo, suka iske ya ninka na fili har da ɗoriya. A tashar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai an ƙara gano abu biyu: rassan gawo na rage zafin ƙasa a lokacin da tsiro ke fitowa, sannan shi kansa gawon ya fi girma a gurbin da dama ƙasarsa ke da ƙarfi. Ke nan wani kaso na albarkar daga itacen yake, wani kason kuma daga wurin.

Sabara ma da ake rainawa ta ba masana mamaki. A wani gwaji da masanan Senegal da na Amurka suka wallafa a 2018, an ba saiwoyinta na can ƙasa ruwa mai wata alama ta sinadari. Cikin 'yan kwanaki sai ga alamar a jikin geron da ke kusa da ita. Da dare sabara na jawo ruwa daga zurfi ta sake shi a ƙasar sama, gero ya samu rabonsa a lokacin da ruwan sama ya ɗauke.

Inda maganar ke da gaskiya shi ne itatuwa masu duhun inuwa da damina. Awon da aka yi a Mali da Burkina Faso ya nuna dawa da gero na raguwa sosai a ƙarƙashin ɗorawa da kaɗanya, kuma na ɗorawa ya fi muni. Manoman ba su sare su ba, saboda kuɗin kalwa da man kaɗe ya kan rufe asarar hatsin. Darbejiya da turare da mangwaro kuwa bakin iyaka da ƙofar gida suka fi dacewa da su.

Hukunci: rabin gaskiya. Nau'in itacen, da yawansa a gona, da yadda ake rage masa rassa su ke yanke magana.

2. "Ba a maido da itatuwa sai da dashe"

Bayan farin shekarun 1970 an zuba kuɗi mai yawa a Sahel wajen renon dashe a leda. Kowace damina a raba, a yi biki, a ɗauki hoto. Kafin wata daminar awaki da gara da ƙishirwa sun gama da mafi yawansu. Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya da ya yi aiki da ƙungiyar SIM a Maraɗi tun farkon shekarun 1980, ya sha faɗi da bakinsa cewa yawancin abin da suka dasa mutuwa ya yi.

A 1983 ne ya tsaya ya dubi 'yan ƙananan tsirran da ke warwatse a gonaki, waɗanda kowa ke ɗauka ciyayi ne marasa amfani. Ya gane toho ne daga kututturen manyan itatuwan da aka sare tun da daɗewa, kuma saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Kowace bazara manomi ya sare tohon ya ƙone, kowace damina ya sake fitowa. Abin da ake bukata kawai shi ne a canza yadda ake sassabe. A zaɓi kututturen da ake so, a bar masa reshe mafi ƙarfi ko 'yan rassa da ba su wuce biyar ba, a cire sauran, a aske ƙananan rassan gefe zuwa rabin tsayi da wuƙa ko gatari mai kaifi, a riƙa dawowa bayan 'yan watanni ana gyarawa. Wannan shi ne abin da manoman Nijar ke kira sassaben zamani. Dashen leda sai ya yi fafutukar kafa saiwa a busasshiyar ƙasa; shi kuwa toho ya gaji saiwa mai shekaru da ta riga ta kai ga danshi, don haka yake girma da sauri ba tare da ban-ruwa ba.

Wannan ba ya nufin dashe aikin banza ne. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji da mutanen ƙauyuka sun fara dasa darbejiya layi biyu-biyu a 1975, da tazarar mita 100 tsakanin shinge da shinge, don karya ƙarfin iska. Itatuwan sun rayu domin an ɗauki masu gadi sun tsare su daga dabbobi a shekarun farko, kuma awon da aka yi daga baya ya nuna amfanin gona ya ƙaru a tsakanin shingayen. Haka kuma gonar da tarakta ta tumɓuke kututturenta, ko faƙon da ya daskare, ba su da abin da zai yi toho. A irin nan sai an haƙa tassa ko rabin-wata don tare ruwa, a zuba taki, a shuka iri ko a dasa. Mai son mangwaro ko gwaba ko ingantacciyar magarya shi ma dole ya dasa.

Hukunci: jita-jita. Dashe hanya ɗaya ce daga cikin hanyoyi, kuma a ƙasa mai ƙarancin ruwa ita ce mafi tsada da yawan asara.

3. "Masana ne suka kawo dabarar, manomi karɓa kawai ya yi"

Labarin Rinaudo ya yi daɗin faɗi, har ya sa wasu ke zaton Bature ne ya koya wa Bahaushe renon itace. Shi kansa bai taɓa cewa shi ya ƙirƙiro ba. Barin gawo da kuka da goriba a gona tsohuwar al'ada ce. Tarihin baka na Damagaram yana ruwaito cewa sarakunan da suka gabata sun sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Abin da aikin Maraɗi ya yi shi ne farfaɗo da abin da aka fara mantawa, da tsara shi yadda za a iya koya wa wani cikin yini guda.

Hujja mafi ƙarfi tana kudancin Damagaram. A 2006 Mahamane Larwanou, masanin gandun daji ɗan Nijar, tare da abokan aikinsa ciki har da Chris Reij na ƙasar Holan, suka binciki yankunan Magarya da Matamaye da Mirya. Sun iske fili mai faɗin kusan hekta miliyan 1 cike da matasan gawo da manoma suka rena da kansu, ba tare da wani babban shiri ya biya su ba. Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya kwatanta hotunan jirgin sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam na shekarun 2000, ya ga ƙauyuka irin su Galma sun fi yawan itatuwa nesa ba kusa ba. Daga wannan aiki aka fitar da ƙiyasin da ya zaga duniya: kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. Abin lura shi ne an shafe kusan shekara 20 wannan sauyi na gudana kafin masana su farga da girmansa. Rahotanni na ta cewa Nijar na rasa itatuwa, domin masu ƙidaya gandun daji suke dubawa, ba su ƙirga na gona.

A Burkina Faso, Yakuba Sawadogo, manomin wani ƙauye kusa da Wahiguya wanda bai yi karatun boko ba, ya inganta tsohuwar dabarar ramukan zai ta hanyar faɗaɗa su da zuba taki tun da rani. Irin itatuwan da ke cikin takin suka tsiro, ya rene su har suka zama daji. Ya riƙa shirya taron manoma sau biyu a shekara ana musayar iri da dabara. A 2018 shi da Rinaudo suka samu lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin. Ya rasu a ƙarshen 2023.

Hukunci: jita-jita. Masana sun auna, sun tabbatar, sun yayata. Aikin da yawancin dabarar na manoma ne.

4. "Yawan jama'a ne ke cinye itatuwa"

Lissafin yana da sauƙi a baki: mutane sun ƙaru, girki ya ƙaru, itace ya ƙare. A shekarun 1970 an yi ta hasashen cewa biranen Sahel za su lashe duk itacen da ke kewaye da su cikin ɗan lokaci. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya bi wannan hasashe a karkarar Kano, ɗaya daga wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Binciken da shi da abokan aikinsa suka fitar a 1990 kan itacen girki a Kano ya nuna itatuwan gonakin da ke kewaye da birnin ba su ragu ba, duk da fari da ƙaruwar jama'a. Manomi yana sassabe reshe ya sayar, ba ya kayar da uwar, saboda ita ce jarinsa. Yankunan nan uku na Damagaram da gawo ya cika su ma suna cikin mafi yawan jama'a a Nijar.

A ƙasar Gini an taɓa yin irin wannan kuskuren fahimta. Jami'ai sun shafe shekaru suna ɗaukar kurmin da ke zagaye da ƙauyukan Kisidugu a matsayin ragowar babban dajin da mutane suka cinye. James Fairhead da Melissa Leach suka duba hotunan sama na 1952, suka saurari dattawa, suka nuna a littafinsu na 1996 cewa mazauna ƙauyukan ne suka rena kurmin a inda da ciyawa ce.

Sai dai binciken na Kano ya nuna ɗaya ɓangaren: manyan motoci na ɗauko wa birni itace daga dazuzzuka masu nisa. Can ne ɓarnar take. Dajin da kowa ke shiga amma ba wanda zai ce nasa ne, shi masu gawayi da masu faɗaɗa gona ke gamawa da shi. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna wannan bambanci: itatuwa na ƙaruwa a gonakin Sahel, suna raguwa a dazuzzukan da ke kudu da su. Ko a gonakin ma akwai abin damuwa, domin abin da ke dawowa galibi gawo ne da sabara da kalgo, yayin da ƙirya da marke da ɗinya da kanya ke ƙara wuyar gani a wurare da dama.

Hukunci: jita-jita a gona, gaskiya a dajin da ba shi da mai tsaronsa.

5. "Hamada na gangarowa kudu kowace shekara, sai an gina mata katangar itatuwa"

A Nijeriya an saba jin cewa hamada na cin mita 600 duk shekara. Tsoron ya girmi 'yancin ƙasar kanta. A 1935 wani malamin gandun daji na Jami'ar Edinbara mai suna Stebbing, bayan ya zaga Arewacin Nijeriya da Nijar da rani, ya rubuta cewa Sahara na tunkaro Kano, ya ba da shawarar a kafa doguwar ɗamarar daji. Ingila da Faransa suka tura kwamitin haɗin gwiwa a 1936 zuwa 1937. Kwamitin ya bi iyakar, ya dawo ya ce bai ga alamar hamada na tafiya ba, abin da ya gani lalacewar ƙasa ce a wurare daban-daban.

Tauraron ɗan'adam ya ƙara haske. A 1991 Compton Tucker na hukumar NASA ya nuna iyakar tsirrai ta kudancin Sahara ta gangaro kudu har zuwa 1984, shekarar babban fari, sannan ta koma arewa da ruwa ya samu. Tana gaba tana baya ne gwargwadon damina. A 2020 masanan Jami'ar Kofanhegan da NASA suka ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya da taimakon kwamfuta a fili mai murabba'in kilomita miliyan 1.3 na yammacin Sahara da Sahel, suka samu fiye da biliyan 1.8.

Kada a ɗauka babu matsala. Wani bincike na Jami'ar Maryland a 2018, wanda ya yi amfani da ma'aunin ruwan sama, ya nuna Sahara ta faɗaɗa da kusan kashi 10 cikin 100 tun daga 1920. Tuddan rairayin da ke binne gonaki da dausayi a Yusufari da Gure da Maine Sorowa kowa na ganinsu. Amma galibinsu tsofaffin tuddai ne na wurin da suka motsa bayan an tuɓe musu ciyawa da itace. Maganinsu a wurin yake. Ko shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, mai tsawon kusan kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, ya sauya tunani: daga layin dashe guda ya koma gyaran gonaki da makiyaya wuri-wuri. Rahoton 2020 ya nuna kimanin hekta miliyan 4 aka gyara a ainihin yankin shirin, cikin miliyan 100 da aka yi alkawari kafin 2030.

Wasu kan ce ai ruwan sama ne ya dawo, shi ya sa Nijar ta yi kore. Ruwa ya taimaka ƙwarai. Amma hotunan da Tappan ya nuna na iyakar kudancin Damagaram a tsakiyar shekarun 2000 sun nuna itatuwa sun fi yawa a ɓangaren Nijar fiye da ɓangaren Nijeriya, alhali ƙasa iri ɗaya ce, mutane ɗaya, damina ɗaya.

Hukunci: lalacewar ƙasa gaskiya ce, hamada mai tafiya a jere kamar rundunar yaƙi jita-jita ce.

6. "Itacen da ke gonarka na gwamnati ne, ka rene shi ka jawo wa kanka tara"

A Nijar wannan magana ta daɗe tana gaskiya. Dokar gandun daji da Faransa ta kafa wa yankunan mulkinta na Afirka ta Yamma a 1935, da ta Nijar ta 1974 da ta gaje ta, sun sanya muhimman itatuwa irin su gawo a ƙarƙashin kariyar hukuma ko da a gonar mutum suke. Manomi ya sare reshe a ci shi tara. Sakamakon ya zama akasin abin da aka nufa: mai hankali sai ya kashe tsiron tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo masa malamin daji.

Abin ya fara sassautawa a shekarun 1980. A Maraɗi an samu fahimtar juna da jami'an gandun daji cewa wanda ya rena itace zai iya morarsa. Matsin tattalin arziki ya kuma rage yawan sintirin jami'ai a ƙauyuka. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar gandun daji ta 2004 sun ƙara ba manomi ƙarfin gwiwa, sannan a watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta amince wa manomi da haƙƙin itatuwan da ya rena a gonarsa. Masu bincike da dama na ganin wannan tabbaci na mallaka ya fi kowace dabara tasiri.

A Nijeriya dokar gandun daji ta jiha ce, kuma a jihohi da yawa ana bukatar izini kafin a kayar da wasu nau'o'in itatuwa. Al'ada dai ta san mai itace, kuma ba a musun 'ya'ya da ganye nasa ne. Wanda ke da niyyar sarewa ya fara tuntuɓar ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarsa. Akwai kuma shingen da ba na gwamnati ba. Mai aron gona ko mai haya ba a cika barinsa ya dasa ba, don kada gobe ya ce ƙasar tasa ce. Mata, waɗanda su ne kan gaba wajen neman itacen girki da ganyen miya, su suka fi ƙarancin gonar kansu. Ga ɓarawon dare, ga mai kiwon da ke sassabe gawo ya wuce kima. A Ɗan Saga ta gundumar Agye an shawo kan wannan da kwamitin gari da ya haɗa manoma da mata da makiyaya, suka sa dokoki da tara da kowa ya yarda da su.

Hukunci: tsohuwar gaskiya ce da ta fara zama jita-jita, amma har yanzu tsoronta na hana mutane da yawa.

7. "Mai renon itace jikokinsa yake yi wa aiki"

Ga mai dasa kuka daga iri ko kaɗanya, akwai ƙanshin gaskiya, domin kaɗanya kan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Mai sassaben zamani kuwa tun shekarar farko rassan da ya aske sun zama itacen girki, ganyen ya zama abincin awaki. Cikin shekara biyu zuwa uku yana samun sandunan rumfa da na shinge. Wani binciken gidaje a jihar Maraɗi da aka wallafa a 2011 ya nuna kuɗin shigar masu yin wannan aiki ya ɗara na waɗanda ba sa yi da kashi 18 zuwa 24 cikin 100. A Mirya ganyen kuka babbar haja ce a kasuwa. A yunwar 2005 an lura cewa gidajen da ke da itatuwa sun samu abin sayarwa su sayi hatsi ba tare da sun rabu da dabbobinsu duka ba.

Ana yawan ambaton cewa itatuwan Nijar na ƙara tan 500,000 na hatsi a shekara. A sani cewa ƙiyasi ne da aka samu ta hanyar ɗaukar ƙarin kilo 100 a kowace hekta, ba awon gona-gona ba ne. Wata gonar ta fi haka, wata ba ta kai ba.

Akwai darasi kuma a kan biyan mutane don su kula da itace. A yunwar 1984 an haɗa renon toho da rabon abinci a ƙauyukan Maraɗi kusan 100, aka bar itatuwa kimanin 500,000. Da rabon ya ƙare sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku. Kashi ɗayan da ya tsira shi ya yi wa'azin: maƙwabta suka ga gero bai mutu ba, ga itace a ƙofar gida, sai suka koma yi da kansu ba tare da an ba su ko tiya guda ba.

Hukunci: jita-jita ga mai renon toho.

Ta ina ilimin zai isa gona?

Cibiyoyin bincike ba su yi ƙaranci ba. Cibiyar binciken gandun daji ta Nijeriya, wadda ta samo asali a 1954 kuma hedikwatarta ke Badun, tana da tashoshi a Samaru ta Zariya da Kano. Nijar na da cibiyar binciken noma ta INRAN tun 1975. Matsalar ita ce sakamakon na fitowa da Turanci ko Faransanci, a mujallun da mai gona ba zai taɓa gani ba, malaman gona kuma ba su kai yawan ƙauyukan ba. Abin da ya yaɗa sassaben zamani daga gari zuwa gari shi ne ziyarar manomi ga manomi, da hira a rediyo da Hausa, da 'yan ci-rani da suka gani a hanya suka koma gida suka gwada. Gani ya kori ji.

Don haka mai gona yana da damar zama mai binciken kansa. Da bazarar bana, kafin a sa wuta, ya ware wani yanki na gonar ya bar kututture 10 ko 20, ya ɗaura musu tsumma don masu ƙodago su san ba na sarewa ba ne, ya share ɗaya yankin yadda ya saba. Da kaka ya ƙirga damman kowane ɓangare, ya haɗa da itacen girki da harawar da ya samu, ya maimaita shekara uku, domin damina ɗaya ba ta isa shaida. Duk wanda ya zo masa da sabon iri ko sabon shiri, ya tambaye shi abu uku: a wace irin ƙasa aka gwada, nawa ne suka rayu bayan shekara uku, kuma idan itacen ya girma na wane ne. Hukumomi kuwa nauyi biyu ne a kansu da ba sa bukatar kuɗi mai yawa: su bayyana a rubuce cewa wanda ya rena itace a gonarsa shi ke da shi, su kuma riƙa sanar da adadin dashen da ya rayu a maimakon adadin da aka raba.